Ranar Da Aka Tuɓe Wa Kaka Riga

“Da gaske kike, Suwaiba? Kakanki Bamaguje ne?”

Na sunkuyar da kai ina murza bakin mayafina. Muna tsaye a gindin Dutsen Dala, jikin motar da ta kawo mu, baƙinmu sun haye sama suna ɗaukar hoton birnin Kano. Wata huɗu ina juya maganar nan a raina kafin bakina ya iya furta ta.

“Da gaske nake, Yaya Abdul. Shi ya haifi Babanmu. Baba ya musulunta tun yana saurayi, ƙanwarshi Gwaggo Lidiya coci take zuwa, shi kuwa Kaka yana nan kan abin da ya taras iyayenshi na yi. Na ce gara ka ji daga bakina kafin manya su shigo maganarmu. In ka ga ba za ka iya ba...”

“Yana raye?”

“Yana Damari, can Sabuwa.”

Na ɗago a tsorace. Na zaci zan ga fuska a haɗe, sai na ga Abdulgafar yana murmushi, idanunshi har ƙyalli suke yi.

“Haba rabin raina! Abin da ya sa kike ta rama ke nan? Wallahi sai na je na gaishe shi da ƙafata!”

Hawaye suka zubo mini. A ranar na ce duk duniya babu macen da ta yi dace irin nawa.

Ni 'yar Daudawa ce, ta ƙasar Faskari. Ina shekarar ƙarshe a jami'a a Kano, Turanci nake karanta. Duk shekara akwai ɗalibai da ke zuwa daga ƙasashen waje su yi mako shida suna koyon Hausa. Su a wurinsu hutun bazara ne, mu kuwa tsakiyar damina. Da safe suna aji, Laraba da Asabar kuma a fita da su yawon buɗe ido cikin gari. Abdulgafar, ɗan Ƙanƙara, shi ne mai ɗan kamfanin da aka ba aikin fita da su, ni ce tafinta. A nan muka haɗu bara, a nan soyayya ta ƙullu.

Bana su goma sha ɗaya ne, kuma malamansu sun raɗa wa kowa sunan Hausa. Akwai wata doguwa 'yar Jamus da ake kira Barakatu, ta fi kowa jin Hausa. Akwai Jabiru ɗan Koriya, kullum da gyaɗa a aljihu.

Ba zan ce ban ga alamu ba. Na gani.

Ranar da muka je marina, kafin ɗalibai su sauko daga mota, Abdul ya riga su zuwa wurin wani dattijo marini, ya sa shi ya cire agogo da tabarau, ya ɓoye wayarshi a ƙarƙashin kwarya. A kasuwar Kurmi kuwa, maimakon ya wuce da su layin masu ɗinkin hula, sai ya tsayar da su bakin wata kwata da ruwan sama ya cika da leda da ruɓaɓɓen kayan miya, wari kamar ya kayar da mutum.

“Ku ɗauka, ku ɗauka,” yake ce masu da Turanci. “Wannan ita ce ainihin rayuwarmu.”

Raina ya ɓaci, na same shi gefe.

“Yaya Abdul, mene ne haka? Kwata ce rayuwarmu?”

“Ke yarinya ce, Suwaiba. Mutanen nan ba su keto hazo don su ga gidan sama ba, suna da shi a garinsu. Abin da za su nuna wa abokansu suke nema.”

Ya kashe mini ido ɗaya, ya ce na yi kyau da fushi. Sai na yi dariya... na bar maganar. Har yau in na tuna dariyar nan, kaina nake jin haushi.

Zuwa mako na uku ɗalibai sun fara gajiya. Sun ga ganuwa, sun ga gidan tarihi, Jabiru har hamma yake yi a mota. Ga shi shugabar shirin koyon Hausar ta faɗa wa Abdul cewa wani kamfanin ma na neman aikin baɗi, za ta zaɓi wanda ɗalibai suka fi yabawa. Tun daga nan ya daina barkwanci, kullum yana latsa waya yana cizon leɓe. Sai ranar Dala, ranar da na faɗa mashi asalina, na sake ganin fara'arshi.

Alhamis ɗin makon ni da Abdul muka kama hanyar gida. Ya gaida Baba da Inna a Daudawa, ya kwana gidan baƙi. Da sassafe mu uku da Baba muka nufi Damari, don yanzu ba mai bin hanyar nan da yamma saboda 'yan bindiga.

Mun taras da Kaka Ɗanhausa zaune a ƙofar gida bisa kujerar katako, rediyonshi a cinya. Dawa ta kewaye gidan, kore shar, ta fi mutum tsawo.

“Wa nike ji haka? Muryar amaryata ce ko kunnena ne?”

“Ni ce, angona. Ka tsufa ka bar ni!”

“Ja'ira! Matso in taɓa ki.”

Ya shafa fuskata da tafinshi mai kaushi. Yanar ido ta rufe mashi gani shekara uku ke nan, sai dai ya bambanta haske da duhu. Abdul ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa har ƙasa.

“Baba, ina kwana?”

“Lahiya lau. Kai ne ɓarawon da ke son ƙwace mani mata?”

“Ni ne, Baba. A yi mini afuwa.”

Aka kwashe da dariya. Gwaggo Lidiya ta kawo fura, Abdul ya sha har ya nemi ƙari. Ya zauna yana yi wa Kaka tambayoyi, yadda ake yanka a farkon damina, ina ake yi, me ake cewa. Kaka ya amsa kaɗan ya kauce wa saura, ya koma labarin gona.

“Abin da ke damuna ɗaya ne, yaro. Dawata ta yi kyau bana, kowa shina hwaɗi, amma ni sai da hannu nike ganinta.”

Abdul ya juya wurin Babanmu.

“Baba, akwai likitocin ido Turawa da suka zo Kano. Gobe Asabar za su duba mutane. In kun amince in tafi da Kaka yau.”

Na kalle shi da mamaki. Waɗanne likitoci? Ya yi mini alama da ido in yi shiru, daga baya ya raɗa mini, “Na daɗe ina shirya maki wannan. Ki bar mini komai.”

Baba mutum ne da ba ya nuna abin da ke ranshi, amma ranar sai da ya riƙe hannun Abdul da hannu biyu.

“Allah ya yi maka albarka. Abin da na kasa yi wa mahaifina, kai za ka yi.”

Gwaggo Lidiya ta ciro babbar rigar Kaka, shuɗiya, wadda ba ya sawa sai ranar biki. Ta goge ta da dutsen guga na gawayi, ta kafa mashi hula. A mota Kaka sai murna yake kamar yaro, yana tambayar kowane gari muka wuce. Da muka shiga Kano, Abdul ya sauke ni a makaranta, ya ce Kaka zai kwana gidan abokinshi kusa da asibitin.

“Gobe akwai fita, ki taho da ɗalibai. Ni zan kai Kaka layi tukuna, in same ku can.”

A takardar tsarin fita an rubuta: ziyarar ƙauyen gargajiya. Ban san wurin ba, direba kaɗai aka yi wa kwatance. Muka bar gari ta hanyar Gwarzo, muka ratse wata burji, muka tsaya bakin wani lambun mangwaro da aka kewaye da zana.

Tun kafin mu shiga na ji ganga. Sai kuma wari.

Ƙarni ne na jini, haɗe da tsamin burkutu da ya kwana. Na toshe hanci da mayafi na shiga gaba, ɗalibai na biye da ni.

An kafa wata bukka, ciyawarta ko bushewa ba ta yi ba. A ƙofarta an kife fasasshiyar tukunya, an kwarara mata jinin kaza, an manna gashin a kai, ƙudaje sun yi baƙi ƙirin. An soke ƙoƙon kan akuya a sanda, da sauran nama a jikinshi. Wasu maza biyu da wandon jins a ƙarƙashin tsummokaran da suka ɗaura suna ta dukan ganga.

A tsakiya, bisa buzun akuya, wani tsoho na zaune. Ba riga. Ba hula. An ɗaura mashi warki, an rataya mashi layu da wuri har ciki, an shafe fuskarshi da ƙirjinshi da toka. Haƙarƙarinshi duk a waje, yana ɗan rawar sanyi.

Sai da na kalli hannayen da ya ɗora bisa gwiwa sannan na gane su.

Kaka!

Na buɗe baki ke nan zan kira shi...

Abdul ya fito daga bayan bukkar da lasifika a hannu, fes da shi cikin farar shadda, yana ƙamshin turare.

“Barkanku da zuwa!” ya ce da Turanci. “Yau za ku ga abin da babu a littafi, babu a intanet. Wannan da kuke gani shi ne bokan ƙarshe na arnan ƙasar Hausa. Daga ƙungurmin daji muka ɗauko shi, bai taɓa shiga mota ba sai jiya. Yana magana da aljanu, kuma jinin nan da kuke gani shi ne karin kumallonshi!”

Wayoyi suka ɗaga sama. Ƙyas! Ƙyas! Wata ta ce, “Kai!” tana matsawa kusa don ta samu fuskarshi da kyau.

Kaka ya karkata kai wajen hayaniyar.

“Yaro? Likitocin ne suka iso? Sanyi nike ji hwa. Maganin nan da ka shafa mani bai bushe ba?” Ya ɗan yi dariya. “Wanga asibiti da kiɗa! Ga warin jini kuma, ko an yi ma wani aiki ne?”

Na matsa kusa da shi.

“Kaka...”

Fuskarshi ta washe a ƙarƙashin tokar.

“Amaryata! Ke ma kin zo? To nuna mani babban likitan in gaishe shi. Kar su ce mutanen Damari ba su da ladabi.”

Barakatu ta sauke wayarta a hankali. Ta matso kusa da ni, ta yi magana da Hausarta mai sanƙarewa.

“Malama Suwaiba, don me yana cewa likita?”

Kafin in amsa, Abdul ya riƙo gefen mayafina, ya kawo bakinshi kusa da kunnena. Har lokacin murmushi yake yi wa ɗalibai.

“Dan Allah, masoyiyata, minti goma kawai. Ba ya gani, ba zai taɓa sani ba. Ki ce masu aljanu yake kira. Litinin in kai shi asibitin gaske, na rantse!”

Na kalle shi. Wannan bakin ne ya sha furar Gwaggo Lidiya jiya. Turarenshi da na saba so ya haɗu da ƙarnin jinin, na ji kamar in fita daga fatata.

Na fizge lasifikar.

“Ku tsayar da gangar nan!”

Wuri ya yi tsit, sai ƙugin ƙudaje. Na yi magana da Turanci.

“Wannan mutumin kakana ne. Sunanshi Ɗanhausa. Manomi ne, yana da gonar da ke ciyar da gida uku, yana da rediyo, ya san labarin ƙasashenku fiye da yadda kuka san namu. Ba ya gani. An ce mashi ku likitocin ido ne, shi ya sa ya yarda aka cire mashi riga. Bukkar nan da jinin nan da ƙoƙon nan, duk shekaranjiya babu su.”

Ba wanda ya motsa. Wani dogo mai jan gashi bai daina ɗauka ba, sai da Jabiru ya danne mashi hannu ƙasa.

Wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar na gabana.

Na durƙusa gaban Kaka, na yaye mayafina na rufa mashi a kafaɗa.

“Kaka, babu likita.”

“Ba su zo ba?”

“Babu su tun farko. Nan ba asibiti ba ne, lambu ne. Ɗalibai ne 'yan yawon buɗe ido. Abin da ke jikinka toka ce... an kawo su ne su kalle ka.”

Ya kai hannu ƙirji, ya shafo tokar, ya murza ta tsakanin yatsu, ya sunsuna. Ya laluba wuyanshi, ya fara cire layun ɗaya bayan ɗaya yana ajiyewa a ƙasa, a hankali, kamar kayan wani ne da yake tsoron ya lalata.

“Ina rigata?”

Direbanmu ya samo ta a but ɗin motar Abdul, a cukuikuye bisa tayar safaya, gugar Gwaggo Lidiya duk ta tashi a banza. Na jiƙa gefen zanina da ruwan gora na goge mashi fuska. Na sa mashi rigar, na kafa mashi hula. Ya miƙe tsaye ya dafa kafaɗata.

“Ubana Bamaguje ne, kakana Bamaguje ne,” ya ce, ba da ƙarfi ba. “Ban taɓa ganin ɗayansu ya zauna tsirara gaban baƙo ba. Abin da muke yi, can cikin gona muke yin shi, mu da Mai Sama, ba ganga ba 'yan kallo.” Ya juya inda yake jin numfashin mutane. “Ki ce masu sannunsu da zuwa. Su ba su da laihi, kiran su aka yi.”

Ban iya fassarawa ba, kuka ya ci ƙarfina. Barakatu ce ta fassara. Sannan ta zo ta durƙusa gabanshi, doguwar mace har ƙasa, hawaye na bin kumatunta.

“Baba, ka yi haƙuri. Mun goge hoto. Duka.”

“Tashi, ɗiyata. Hausarki ta yi daɗi.”

Na kai Kaka cikin mota na zaunar. Ina fitowa Abdul ya tare ni a bayanta, idanunshi jajur.

“Kin kashe ni, Suwaiba! Kin san abin da kika yi? Aikin baɗi ya tafi! Don wa nake wahalar nan in ba don aurenmu ba?”

“Aurenmu? Da tsiraicin kakana za ka aure ni?”

“To ƙarya na yi? Ba arne ba ne? Ba ya yanka wa dodanni? Ɗan gishiri kawai na ƙara!”

“Ka durƙusa mashi jiya. Ka ce mashi Baba.”

“Ke kin san abin da na haɗiye kuwa? Kina tsammani zan iya kallon Hajiyata a Ƙanƙara in ce mata jikar arne zan kawo mata gida? Na yi niyyar rufe maganar har abada, saboda ina son ki! Na ce tun da dai yana nan, ya yi mana amfani ko sau ɗaya...”

Bai ƙarasa ba na juya na dafa tayar motar. Duk abin da na ci da safe ya dawo. Na yi ta amai har sai da cikina ya ƙulle, yana tsaye yana cewa, “Subhanallahi, sannu, sannu,” yana miƙo mini hankici. Ko kallon hankicin ban iya yi ba.

Shugabar shirin da ta ji labari ta sallami kamfaninshi a ranar. Baba ya iso Kano Lahadi. Bai yi faɗa ba, bai tambaye ni komai ba, ya dai zauna gefen mahaifinshi ya riƙe hannunshi har aka kira la'asar. Litinin muka kai Kaka asibitin ido, aka duba shi, aka ce sai bayan girbi za a yi aikin. Muka dawo da shi Daudawa ya huta.

Ban koma aikin tafinta ba. Kwana goma sha biyu ina ɗaki. Wayata na ta haske da sunan Abdul, ban ɗauka ba, ban kuma iya goge lambar ba. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan: ina ƙyamarshi, ina kewarshi, duk a zuciya ɗaya.

Rana ta goma sha uku, da hantsi, ana yayyafi, aka yi sallama a zaure.

Abdul ne. Ya rame. Shaddar jikinshi ba guga, gemu ya fito mashi barkatai. Ta labulen zaure na ga ya zube gaban Kaka, goshinshi har yana taɓa tabarma, yana kuka kamar ƙaramin yaro.

“Baba, na cuce ka. Ba ni da bakin magana. Ka yafe mini don Allah!”

“Na yahe tun a mota,” in ji Kaka. “Tashi, ƙasa da sanyi.”

Baba ya shigo cikin gida ya same ni.

“Yana son ganinki. Ni ba zan ce ki aure shi ba, ba zan ce ki bar shi ba. Ke za ki zauna da shi.”

Inna ta biyo ni har bakin ƙofa tana raɗa.

“Suwaiba, ki sassauta. Namijin da zai zo ya yi kuka gaban surukai ba kullum ake samun shi ba. Wanda aka yi wa ma ya yafe.”

Aka kai Kaka ɗakin Baba, aka bar mu mu biyu a zauren. Na zauna can nesa, bakin ƙofa.

“Rabin raina...” Muryarshi ta dishe. “Na faɗa wa Hajiya komai. Asalinki, da abin da na yi. Ta mare ni, wallahi, da girmana. Ta ce in ban dawo da ke ba kar in ƙara shiga ɗakinta. Ta ce tana son ki a haka. Babu sauran ɓoye-ɓoye, Suwaiba. Tsoro ne ya rufe mini ido, tsoron in rasa aikin in rasa ki. Ki ba ni dama ɗaya... ɗaya tak!”

Zuciyata ta karye. Wallahi ta karye. Na tuna ranar da ruwa ya tare mu a Kurmi ya cire hularshi ya kifa mini a kai muna dariya. Na tuna yadda yake kirana da asuba ya tashe ni karatu lokacin jarrabawa. Bakina har ya fara haɗa kalmar “to”.

Sai ya miƙo hannayenshi biyu yana roƙo. Na tsaya ina kallon su. Dogayen yatsu, farce a yanke tsaf.

“Yaya Abdul, in tambaye ka?”

“Tambayi komai.”

“Tokar nan... wa ya shafa mashi?”

Ya sunkuyar da kai.

“Ni ne.”

“Da hannunka?”

“Da hannuna.”

“Kana shafawa yana ce maka me?”

“Suwaiba, dan Allah...”

“Me yake ce maka?”

Hawaye suka ɗigo bisa tabarma. Da ƙyar na ji abin da ya ce.

“Albarka yake sa mini. Yana cewa Mai Sama ya ba ni 'ya'yan da za su yi mini abin da na yi mashi.”

Na ɗago na dubi fuskarshi.

“Kuma ba ka tsaya ba.”

“Ban tsaya ba.”

Na miƙe tsaye.

“Na yarda ka yi nadama. Na yafe maka, har ga Allah. Kuma ina son ka, ban san ranar da zan daina ba. Amma hannun nan ba zai taɓa ni ba. In ka miƙo mini ruwa da shi ba zan iya sha ba, in ka ɗauki ɗana da shi sai na karɓe. Ba zan zauna gidan mutum ina ƙyamar hannunshi ba, zalunci ne a gare ni, zalunci ne a gare ka. Ka gaida Hajiya. Ka ce na gode.”

“Suwaiba! Suwaibatu, kar ki yi mini haka!”

“Ka tashi ka kama hanya. Ka wuce garin Sheme tun da sauran rana, ka san halin hanyar nan.”

Na shige gida ban waiwaya ba. Ina jin shi yana kiran sunana, sau uku, sau huɗu. Can na ji Baba ya fita yana yi mashi magana ƙasa-ƙasa. Can kuma na ji tashin mota, ƙararta na raguwa har ruwan sama ya shanye ta.

Ɗakin Baba na nufa. Kaka na zaune bakin gado. Na zube a ƙafafunshi na kifa kai bisa gwiwarshi, kukan da na riƙe a zaure ya ɓalle. Bai hana ni ba. Ya dinga shafa kaina har na fara ajiyar zuciya.

“Ya tahi?”

“Ya tafi, Kaka.”

“Ba don ni ba dai ko?”

“Don kaina.”

Ya gyaɗa kai. Ya saurari ruwan da ke dukan kwano, sannan ya ɗan sunkuyo.

“Amaryata... yaron nan tun daga Ƙanƙara ya taso cikin ruwa. An dai ba shi abinci kahin ya tahi?”

Na ɗago na kalli fuskarshi. Da gaske yake tambaya.

Na sake kifa kaina, na fashe da wani sabon kukan.